Katifar Da Na Ɓoye Wa Kawu

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. A lokacin ina aikin gwamnati a Birnin Kebbi, ina zaune a Gesse, kuma duk shekara idan shinkafar rani ta nuna nakan ɗauki hutu in bi Kawu zuwa fadamarsa da ke wajen Gulma, mu tare a bakin gona har a gama yanka da sussuka. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni a gidansa na Argungu tun da babana ya rasu, shi ya sa ni makaranta, kuma shi kaɗai ke kirana Na-Birni.

To ni mutum ne mai son barci, ba zan ɓoye muku ba, kuma kwanan fadama ba wasa ba ne: ƙasa ta bushe ta tsage, tabarma ba ta tare komai, ga sauro kamar an aiko shi. A shekarar na sayi wata tsohuwar mota ƙirar Sharon, sai dabara ta zo mini. Na kwantar da kujerun baya, na je wurin mai katifa ya yanka mini soso daidai faɗin wurin, matata ta ɗinka masa shuɗiyar riga, na sa raga a tagogi don in sauke gilashi sauro bai shigo ba, na sa waya na ɗaure 'yar fanka mai caji a jikin kujera. Da na gwada kwanciya a ƙofar gida, wallahi sai da aka tashe ni sallar magariba.

Muna shirin tafiya tunanin ya zo mini cewa idan Kawu ya ga katifar nan, ba ma sai ya tambaya ba, dole in ba shi, domin a gidanmu yaro ba ya kwana a sama babba yana ƙasa. Sai na lulluɓe ta da tampol, na jera buhuna da kwalaye a kai.

Da na je ɗaukarsa ya leƙa baya ya ce, "Na-Birni, mi kac cika mota da shi haka?"

Na ce kayan ofis ne, amana aka ba ni, ba a so kowa ya taɓa. Ya ce Allah ya ba ni ikon riƙewa. Da muka isa na ajiye motar can nesa kaɗan, ƙarƙashin wani mangwaro, na ce a kujerar direba zan riƙa kwana ina gadin kayan, har Bello ɗan Kawu yana tausaya mini wai wuyana zai ƙage.

Ana cikin yanka sai gadon bayan Kawu ya riƙe. Ya duƙa da lauje ya kasa miƙewa, sai da aka tallafe shi zuwa rumfa. Bello ya yi ta shafa masa man zafi, amma duk juyin da zai yi a kan tabarma sai ka ji nishinsa. Ina ji. Zuciyata ta ce ka tashi ka kai shi mota, wata ta ce idan ka kai shi ƙaryarka ta tonu a gaban ma'aikatan gona, kuma katifa ta tafi ke nan har a tashi. Ta biyun na bi, kunyar faɗin haka ma nake ji yanzu.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tsaka, kowa ya nemi inuwa. Na sulale zuwa mota, na tura kwalayen gefe, na kulle ƙofofi duka, makulli a aljihuna, na kunna fanka na kwanta ina fuskantar taga. Barci ya fara ɗaukata ke nan sai na ji soson ya lotsa a bayana, a hankali, yadda mai ciwo ke kwanciya, gwiwa tukuna sannan kafaɗa. Warin man zafi ya cika motar. Sai aka sauke dogon numfashi aka ce, "Alhamdu lillahi." Muryar Kawu ce, ko a mafarki na san ta.

Kada ku ce tsoro ne ya hana ni juyawa. Kunya ce. Na ɗauka ya gano ni, ya lallaɓo ya shigo, don haka na runtse ido na yi kamar na yi nisa, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a raina, ina jin ɗumin bayansa a jikin nawa, har barcin gaske ya sace ni. Ban ko tuna cewa na kulle ƙofa ba.

Na farka wajen la'asar, babu kowa. Ƙofofi a kulle yadda na bar su, makulli na nan a aljihu, amma gefen katifar a lotse yake, kuma warin bai fita ba. Na fito na nufi rumfa, sai ga Kawu a tsaye, a miƙe sak, yana nuna wa mutane inda za a tara dami. Yana ganina ya ɗaga murya.

"Allah shi yi maka albarka, Na-Birni. Katihwar nan taka ta warkar da ni, bayana ya saki sarai."

Bello ya fashe da dariya. "Baba, wace katihwa? Tun da munka yi sallah kana nan bisa tabarma, ni ad da hihita a hannu. Ko motsi ba ka yi ba."

Ma'aikata suka ce gaskiya ne, su ma suna wurin, tsoho ya yi mafarki, mota cike da kayan ofis ina wurin kwanciya. Kawu bai yi musu ba, murmushi ya yi ya ce, "To. Mai shuɗiyar riga dai ta, ga 'yar hwanka an ɗaure da waya tana ta juyi." Aka ƙara dariya. Ni ma na yi, jama'a, na buɗe baki na taya su, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban sake iya kwana a motar ba har muka tashi. Tabarma na nema na kwanta kusa da shi, sauro ya ci rabonsa.

Abin bai tsaya nan ba, domin Kawu ya mayar da shi labari. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, sai ya nuna ni ya ce wa matasa su yi koyi da ni, wai na bar masa makwancina ranar da ciwo ya kayar da shi. Duk albarkar da ya sa mini sai in ji ta kamar garwashi. Da na kasa jurewa na same shi shi kaɗai a zaurensa, na durƙusa na faɗa masa komai: tampol, kwalaye, ƙaryar amana, kulle ƙofa.

Ya dube ni ya ce, "Ban gane ba. Ai kai kaz zo rumhwa kak kama hannuna."

Na ce wallahi Kawu ban zo ba.

"Kai na, da rigarka ta aiki. Kab buɗe mini ƙohwa, kac ce in gahwarta maka, ka ɓoye mini tun farko. Ni ko tun ranan na yahe. Mi ya sa kake son in yahe sau biyu?"

Ya ci gaba da jan carbinsa.

Don haka masu gyara bayan mota don kwanan daji, ku gyara abinku, akwai daɗi, ban hana ku ba. Amma kafin ka ja ƙofa ka kulle, ka leƙa ka ga wa ka bari a ƙasa, ka je da ƙafarka ka kira shi. Ni ban je ba, wani ya je da fuskata, kuma har Kawu ya koma ga Allah ban san wanne daga cikinmu yake sa wa albarka ba.