Farfesun Mai Jego a Bakin Tekun Dubai

Da sunan Allah, mai kai bawa inda bai zata ba.

Yawuri zuwa Dubai

Kafin kiran assalatu na bar Yawuri, a hanya na yi asuba. Mota har Abuja, jirgi har Dubai. Abin da ya tashe ni shi ne 'yata Hauwa, wadda ta haihu a can. Tun haihuwar abinci ya ƙi shigarta, nono ya ja baya, jariri sai kuka. Uwarta ba ta samu biza ba, sai ta ƙulla mini yaji da kimba da daddawa, ta ce, "Malam, farfesun ragon ruwa kaɗai zai buɗe mata ciki."

Daira

A unguwar Murakkabat da ke yankin Daira na Dubai na sauka. Mijin Hauwa yana wurin aiki, sai ya haɗa ni da maƙwabcinsu Bitrus, mutumin Zuru, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da sassafe ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Baba, yalla, mu tafi! Kifi ba ya jiran mai wuridi."

Tasi muka hau zuwa kasuwar kifi ta bakin teku. Ni da na tashi a gaɓar Kwara, gani nake na gama sanin kifi. Subhanallahi! Ga ja kamar an ƙunsa masa lalle, ga dogo siriri kamar takobi, ga wani mai faɗin faifai, idanunsa duka a gefe guda. Jatan lande tsibi-tsibi kan ƙanƙara, ƙaguwa masu shuɗin ƙafa. Na bi alluna ina karanta sunayen da Larabci: hamur, kan'ad, safi, sha'ari. Ragon ruwa kuwa ko mai kama da shi.

"Nan ba Yawuri ba ne, Baba," in ji Bitrus. "Ɗauki hamur, shi ne ragonsu."

Da kaina na ɗora tukunya, don ɗan bakin ruwa ba ya jin kunyar wannan. Na zuba komai, ban da gishiri. Lissafina, kifin da ya rayu cikin ruwan gishiri ai ya zo da nasa.

Hauwa ta kurɓa, ta dube ni.

"Baba, gishirin fa?"

Na kawo hujjata. Ta yi ta dariya har tana riƙe ciki. Bitrus daga bakin ƙofa ya ce, "Ke nan saniya mai cin ciyawa, namanta kore ne?"

Ta barbaɗa gishiri, ta shanye kwano, ta miƙo a ƙara. Kafin ranar suna ta zagayo, jariri yana tsotso ya ƙoshi ya yi barci.

Gida

Da la'asar na iso Yawuri lafiya. Ban ko ajiye jaka ba uwargida ta tarbe ni: "Sannu da zuwa, Malam. An ce teku ta hana ka gishiri?"

Ashe labarin ya riga ni ta waya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya cika ruwansa da halittu, sannan ga Bitrus. Allah ya raya jikana.