Sawun Mma a Ƙarƙashin Randa

Jama'a, yau na taka inda Mma, mahaifiyata, ta taka, shekaru bayan rasuwarta!

Kwaku kafinta ya zo kafa mana dirkokin rumfa a kan tsohon simintin tsakar gida. Ya ce a janye babbar randa, nan zai huda. Muka janye. Sai ga sawun ƙafa, da karkataccen ɗan yatsan nan nata! Ashe ta taka simintin tun yana ɗanye.

Na ɗora ƙafata. Daidai! Sanyi ya ratsa ni, har ƙamshin man kaɗanyarta na ji.

Kwaku ya ce, "Maame, in na matsa gefe, rumfa za ta karkace o."

Na ce, "Ta karkace."