Wuyan Gogen Malam Ishaya

Washegarin ƙaramar sallah ne, shekarar da haƙorana na gaba suka fita, Malam Ishaya ya shigo zaurenmu a Fagge rungume da wani abu cikin zane kamar jinjiri. Mutumin wajen Zariya ne, yana aiki a tashar jirgin ƙasa, ranar Lahadi kuma ya yi kiɗa a cocinsu na Sabon Gari. Da ya warware zanen sai ga gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wuyan a karye. Ina gefe ina tsince wake da hannun dama, rabi na zuba ƙasa, don Inna ta ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da tsumma. Ni bahaguwa ce, ta kuma rantse sai ta raba ni da shi kafin a ba ni allo.

Baba turmi yake sassaƙawa da ƙotar fartanya, bai taɓa riƙe irin wannan ba, amma ya ce a bar masa. Ya zaɓi busasshen maɗaci, ya ɗora karyayyen ya zana da gawayi, ya fitar da shi da gizago, sai wuƙa, sai magagari. Daga baya ya koma kankarewa da fasasshiyar kwalba, itacen na fita siri-siri kamar gashin masara, muna kwashewa mu kai wa Inna ta hura wuta.

Ranar gwaji Malam Ishaya ya riƙe wuyan da hannun dama, sai ya ce yana tokare masa babban yatsa. Ashe bahago ne, da hagu yake jan bakan gogen, kunya ta hana shi faɗa. Baba ya yi dariya ya ce, to Malam ai ka sa na yi wa wani mutum aiki. Ya shafa masa gawayi a tafi ya ce riƙe, duk inda baƙi ya fito a itacen sai ya kankare. Inna daga bayan ƙyaure ta ce ba gara ya koyi riƙewa kamar mutane ba?

"Itacen ake ragewa, Hauwa," in ji Baba, "ba hannun ba."

Da aka haɗa gogen Malam Ishaya ya ja shi a zauren, har masu tallan fura suka tsaya. Yana fita Baba ya kwance mini tsumman. Ya ce ci da gaisuwa da dama, sauran in yi da wanda Allah ya ba ni. Inna ta yi ƙwafa, amma ba ta sake ɗaurewa ba.

Yanzu Baba ya rasu, zauren ya zama shagon tela. Ga ɗana Sani yana ɗaukar komai da hagu, kakarsa ta wajen uba kullum tana cewa in ɗaure masa hannun tun yana ƙarami, ni kuma ina tuna bulalar da ake yi wa bahagwai a makaranta. Jiya har na yago tsumma, na tsaya ina kallonsa yana zane a ƙasa da gawayi, tafinsa baƙi ƙirin. Sai na goge masa hannu da shi.