Ibo ne ya tura ni neman Hausata

Shekara tara ke nan da mutuwar abokina Obinna, ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Sabon Gari, ma'aikaci a wani gidan buga littattafan Hausa. Ni atamfa nake sayarwa a Fagge, kuma a aji biyar na bar makaranta. Na faɗa tun yanzu don kada wani mai digiri ya wahalar da kansa wajen tona min asiri.

Duk kalmar da Obinna ya gani a wurin aiki bai gane ba, sai ya rubuta a bayan hannunsa ya taho shagona. Ran da ya fara kawo min "haiba", a gaban 'yan kasuwa ya tambaye ni. Ban sani ba. Kunya ta sa na ce, "Wannan tsohuwar kalma ce, ta mutu."

Ya ce, "Malam Sabo, lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka san ta ba."

Aka yi ta min dariya. Bahaushe ɗan Bahaushe, Ibo ya kayar da ni a harshen uwata. Da la'asar na je wurin kawuna na tambayo, ashe kwarjini ke nan, kuma daga ranar ban yarda ya sake kama ni hannu sake ba. Ni ma na fara karatu a ɓoye.

Yana da doka: kalma ba ta zama taka sai ka faɗa wa mutum a ranar, ya gane bai ce "me?" ba. Na ji shi yana ce wa mai adaidaita, "Ɗan'uwa, tuƙin nan naka babu dattako." Mutumin ya rage gudu kuwa.

Da zai dawo yau ya ji 'ya'yana, da ya riƙe baki. Aka yi rasuwa a layinmu, babban ɗana, mai karatun jami'a, "sori" kawai ya iya ce wa iyalan mamacin. Obinna da "jimami" da "alhini" yake zuwa ta'aziyya, kuma ya san inda kowacce ke zama.

Ya mutu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma wannan rubutu da hannuna na yi shi, mako uku ina yi, ban kai wa kowa ya duba min ba. In kun ga kuskure, nawa ne. Sauran kuma na Obinna ne.