Keken Ɗinki Marar Zare

'Yata ta biyu ba ta taɓa zama a kujera da duwawunta duka biyu ba. Ɗaya ne yake zaune, ɗayan yana shirin tafiya. Tun tana ciki na san akwai magana, don yayanta ya yi wata taransa shiru kamar baƙo mai kunya, ita kuwa shuri take yi har sai na ajiye almakashi na dafa tebur.

Ni tela ce. Shagona yana Barnawa, gidanmu yana Kamazou. In an tashi daga makaranta shago ake kawo mini ita, kuma daga ƙarfe biyu zuwa yamma ba ɗinki nake yi ba, gadi nake yi. Ta warware mini kwarkwaro don ta ga iyakar zaren. Ta auna karen maƙwabta da tef ɗina. Wata rana na aike ta shago na uku ta sayo allura, ta dawo bayan rabin awa da labarin wani mai keke da ya yi faɗa da fasinja, da mangwaro guda da wata ta ba ta, da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ina allurar?"

"Au! Mama, na manta. Sori."

Na doke ta, ba zan ɓoye ba. Ina da zuciya, kowa a layinmu ya sani, kuma tef ɗin awo in an ninka shi biyu yana shiga jiki. Sai ta yi kuka, ta ba ni haƙuri da gaske, bayan minti biyar na gan ta a kan tebur tana leƙen fanka. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, na ɗauka raini ne.

Shawara kuwa na sha ta har ta ishe ni. Wannan ta ce in hana ta sukari, waccan ta ce a yi mata addu'a ta musamman. Kakarta da ke Kakau ta ce mu 'yan birni ne ba mu iya riƙon yara ba, a kawo mata ita hutu, gona za ta gyara ta. Kwana huɗu tsohuwa ta shigo mota da kanta ta dawo mana da ita. Yarinya ta kwance awaki wai sun gaji da tsayuwa wuri ɗaya.

Wata nas da nake yi wa ɗinki ce ta ce mu kai ta wajen likita a ƙetaren kogi. Muka je da babanta. Likita ya yi ta tambaya: tana ɓatar da kaya? Tana katse mutane in suna magana? Tana fara abu ta bari ba ta gama ba? Kafin in buɗe baki maigidana ya riga ni.

"Haba Dakta, wannan ai ba ciwo ba ne. Kowa haka yake."

A lokacin ya riga ya tashi sau uku: ya leƙa taga ya ga ko motarsa tana nan, ya karanta kalandar bango, ya tambayi likita inda ya sayi agogonsa. Likita ya dube shi, ya dube ni. Ranar na gane inda aka yanko yadin.

Bayan mun koma sau biyu, da takarda daga malamin ajinsu, likita ya faɗa mana sunan abin da Turanci, haruffa huɗu. Ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma iskoki ba ne. Hankalinta yana tsalle daga abu zuwa abu, jikinta yana neman motsi, birkin da zai tsayar da su ne bai yi ƙarfi ba. Ya ce in ba ta aike ɗaya a lokaci ɗaya, in dubi idonta in ina magana, in yaba mata in ta yi daidai, maganar magani kuma sai mun ga yadda ta kasance. A ƙarshe ya ce, "Madam, ba ƙin ji take yi ba. Ki ajiye dukan nan." Na ji kunya har cikin ƙashina. Na ajiye, amma bakina bai ajiye ba, don faɗa kam na ci gaba da yi.

Tana shekara takwas aka fara shirin Lahadin yara a cocinmu, ranar da yara ke hawa gaba su faɗi ayoyin da suka haddace. Ba a taɓa zaɓenta ba. A wasan Kirsimeti na baya tunkiya aka ba ta, tunkiyar kuma ta bar makiyaya a fili ta tafi kallon masu ganga. Wannan karon ta ɗaga hannu ta ce ita za ta ɗauki mafi tsawo, aya goma sha biyu.

Malamar makarantar Lahadi tsohuwar hedimistires ce mai ritaya, wadda ta yarda cewa maganar Allah a tsaye cak ake faɗinta, hannu a baya. Ta same ni bayan sujada ta ce, "Na ba ta mako biyu. In ba ta iya ba zan ba wata, kar ki ji haushina." A hanyar gida yarinyar ta riƙe hannuna, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Mama, ni ma ina so a tafa mini, ko sau ɗaya." Na yi lissafi a raina, na ga tun da aka haife ta ban taɓa jin an tafa mata ba. Sunanta dai ana kiransa kullum, amma da tsawa.

Muka fara. Na zaunar da ita a benci a shago, in faɗa ta maimaita. Aya ta farko lafiya. A ta biyu ƙuda ya wuce, ta bi shi da ido. A ta uku ta tambaye ni ko kifi yana jin ƙishirwa. Kwana biyar muna kan aya uku, ni da ita duk mun kusa kuka.

Akwai tsohon kekena na ƙafa a lungun shago, wanda na daina amfani da shi tun da na sayi mai lantarki. Bel ɗinsa ya tsinke, ba zare ba allura. Rana ta shida wata ta zo gwajin riga, na bar yarinyar, sai ta haye keken tana taka feda. Ina cikin sa fil na ji murya tana tafiya tare da ƙarar fedar, aya ta huɗu, ta biyar, har ta goma sha biyu, ba tuntuɓe. Ashe duk abin da nake karantawa ya shiga. Na ce ta sauko ta sake faɗa. Ta sauko, ta tsaya, abu ya tsaya a ta uku. Ta koma ta taka, ayoyi suka zubo.

Na kai wa Malama labari da murnata. Ta ce, "Coci ba shagon tela ba ne." Maigidana ya ce a ɗora keken a mota a kai gaban bagadi, na ce ya yi mini shiru. Dabarar da na iya ita na yi: na ɗinka mata doguwar riga mai faɗi har ƙasa, yadda ƙafa za ta yi ta aikinta a ciki ba wanda ya gani. A gwaji abin ya tafi daidai, Malama har ta yaba da natsuwarta.

Abin da ban lissafa ba shi ne babanta. Ran Asabar ya tafi sayen burodi ya dawo da sabon takalmi mai ƙwas-ƙwas, ba burodin. Dandamalin cocinmu kuwa katako ne.

Ran Lahadi ina zaune cikin matan zumunta da cakina na kiɗa a hannu. Yarinyar ta hau, hannu a baya, ta fara. Sai ga ƙara daga ƙarƙashin riga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, lasifika tana rabawa kowa. Yara suka fara dariya. Malama ta zare mata ido, ta nuna ƙasa da yatsa. Ƙafa ta tsaya. Ayoyi ma suka tsaya.

Yarinyar ta dubi fanka, ta dubi ƙofa, sannan ta nemo ni cikin mata. Na san wannan kallon, shi take yi mini in ta fasa abu. Zuciyata ta karye.

Shekara ashirin ina taka keke, bugunsa yana cikin ƙafata. Na fara buga ƙasa, na kaɗa caki a kan wannan bugun. Mai kiɗan tulu da ke gefena ba ta san me ake ciki ba, amma ba a fara kiɗa ta zauna, sai ta shiga. Rigar ta fara motsi daga ƙasa. Ƙwas, ƙwas, aya ta huɗu ta fito, sauran suka biyo ta a guje har ƙarshe. Aka tafa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, babanta ya miƙe yana gaya wa mutanen da suka san shi shekara goma cewa 'yarsa ce.

Da aka tashi Malama ta wuce ta gabana fuska a ɗaure, ta ce, "Baɗi a sa mata takalmin roba."

Na sami yarinyar a bayan coci ita kaɗai. Ta cire takalmin ƙafar dama ta riƙe a hannu. Ina zuwa ta miƙo mini shi.

"Mama, na motsa. Na yi ƙoƙari in tsaya, ƙafar ce ta ƙi. Za ki doke ni a gida?"

Coci guda ya tafa mata, ita kuwa abin da ta ji kawai shi ne ta yi laifi. Ni na koya mata haka, ba Malama ba. Na durƙusa a ƙasa da zanen zumuntana, na dubi idonta yadda likita ya ce, na ce, "Ba zan doke ki ba. Tafin nan duka naki ne."

"Duka?"

"Duka."

Ta yi dariya har da tsalle. Ina da sauran magana mai yawa a bakina, haƙurin shekara takwas nake so in ba ta, amma wani yaro ya wuce da balan-balan, ta bi shi da gudu. Ta bar ni a durƙushe da takalmi ƙafa ɗaya a hannu, ina share hawaye.