Katantanwar Malam Micah

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin a kaɗa ƙararrawa Malam Micah ya jingine kekensa a sakandaren 'yan mata da ke bayan garin Gwaram. Zai buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ya share da kansa, ya goge wani tsohon madubi da gefen rigarsa. Bautar ƙasa ce ta kawo shi daga Filato, shi kuwa ya manta hanyar gida.

Ɗakin babu na'ura mai aiki ko guda. To, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Sai ya murza katantanwa a gaban madubin.

"Ku duba, 'yan mata. Tamu dama take juyawa, ta madubi hagu. Da can masana sun ɗauka halitta ba ruwanta da dama ko hagu. Da suka jera cibiyoyin ƙwayar zarra masu juyi irin wannan, sai suka ga abin da suke fesowa ya fi karkata gefe guda. Ashe ba duk abin da madubi ya nuna duniya ke yarda ya faru ba."

Mu dai dariya muke, muna ce masa Baba Katantanwa. Na'ima 'yar Fagam ce kaɗai ke rubutawa. Yau tana wata jami'a a ƙetare tana auna waɗannan cibiyoyi, ko za ta gano dokar da ba a sani ba tukuna.

Malam, kai ne rijiyar da aka sha aka manta. Ka yi ritaya watan jiya, ba taro, ba lambar yabo. Ba a turo kowa a madadinka ba, ga ɗalibai goma sha bakwai suna jiran jarrabawa.

Ranar Talata na je makarantar, na tarar da Malam a ɗakin gwaje-gwajen, jikarsa ce ta jawo shi, don idon ya kusa mutuwa. Mabuɗin ɗakin na hannunsa. Ya ce da ni:

"Batulu, wa zan ba?"

Ya laluba, ya murza katantanwar.

"Ta madubin, har yanzu hagu take yi?"

Na ce e, Malam. Kuka ya ci ƙarfina.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ku kuma da kuka sha a rijiyar nan, wani ya taso ya gaje shi. Mabuɗin na rataye a ƙusa, kusa da madubin da mai shi ba ya iya gani.