Abin da Ya Faɗi Ba a Taɓawa

Injiniya Abdulbaqi mutumin Gumel ne, yana aikin gas a Doha, amma ba abin da ya dame shi a duniya kamar wani wasa da ya koyo yana karatu a Amurka. Jifan kyandir yake ce masa. Ana jera sanduna goma sirara kamar kyandir, a gangaro musu 'yar ƙwallo marar rami, jifa uku kowane zagaye. Duk wanda ya tsaya gaisawa da shi sai ya ji cewa tun 1880 ake wasan, kuma har yau ba wanda ya taɓa cinye makin duka.

Da ya karaɗe Doha bai ga inda ake yi ba, sai ya sayo kyandir na gaske a kasuwar Wakrah, ya jera a falo yana jifa da lemo. Dokar da ta fi burge shi ita ce sandar da ta faɗi nan ake barinta har zagayen ya ƙare. Matarsa Sauda ta zo da tsintsiya, ya daka mata tsawa: "Khalas, ya isa! Abin da ya faɗi ba a taɓawa!" Wasa-wasa dokar ta mamaye gidan, har labule ya faɗo ya yi wata a ƙasa.

Ran wata Juma'a ya taka kyandir, santsi ya kwashe shi, ya zube rigingine. "Sauda, kama ni!"

Ta tsallake shi da farantin shinkafarta. "Haba Baban Bilqis, ai da sauran jifa biyu."